A Tari Sauro Tun Yana Cikin Ruwa

Lacca da aka gabatar a Kafanchan gaban ma'aikatan lafiya, ɗalibai, manoma da shugabannin unguwanni



An nemi in yi magana a kan tambayar da ake yawan yi a gidajenmu: shin itatuwa da ganyayen da Allah ya hore mana za su iya kare mu daga sauro? Amsata ita ce za su iya, amma kowanne da wurin da yake da ƙarfi da wurin da ba shi da shi. Mun saba kai su ɗaki mu yi hayaƙi bayan sauro ya riga ya yi fiffike. Ni kuwa abin da na zo in nuna muku shi ne ƙarfinsu ya fi yawa a cikin ruwa, lokacin da sauron yake tsutsa, ba ya tashi, ba ya cizo, ba shi kuma da wurin gudu. Kuma tun daga farko ina so a riƙe cewa babu ɗayansu da ke maye gurbin gidan sauro.

Girman abin da ke gabanmu

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 suka rasu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a Nijeriya suke, haka ma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Mu a kudancin Kaduna ruwa kan sauka tun Afrilu ya kai Oktoba, don haka lokacin sauronmu ya fi na Katsina ko Sakkwato tsawo. Duk ma'aikaciyar jinyar da ke cikin wannan ɗaki ta san yadda gadajen yara ke cika daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da iyaye ke tsakiyar aikin citta da masara.

Zazzaɓi ba shi kaɗai sauro ke kawowa ba. A 1969 annobar shawara ta ɓarke a tsaunin Jos, maƙwabtanmu na kusa, kuma wani jinsin sauro mai cizon rana ne ke ɗauke da ita. Tundurmi da wani nau'in gwaiwa su ma ta bakin sauro suke shiga jiki, kodayake jihohin Filato da Nasarawa sun yi nasarar katse yaɗuwarsu, aka sanar da hakan a 2017, bayan shekaru ana raba magani da gidan sauro. A 2020 kuma aka gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya a jihar Gwambe, wanda ke hayayyafa a tankuna da durom na cikin gari.

Me ya sa ake neman ƙarin hanya

Wani zai ce, tunda akwai maganin feshi na kamfani, me ya kai mu ga ganye? Tarihin Arewa da kansa ya ba da amsa. A 1954 aka fara feshin gidaje a yankin Birnin Kebbi da magungunan zamani masu ƙarfi. Kafin 1955 ta ƙare masana suka tarar sauron wurin ya daina mutuwa da ɗaya daga cikinsu mai suna dildirin. Waɗanda maganin bai kashe ba su suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji taurin.

Daga 1969 zuwa 1976 aka gudanar da shahararren binciken Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya. An fesa ɗakuna, a wasu ƙauyuka an haɗa da raba magani. Zazzaɓi ya ragu sosai, amma bai yanke ba, kuma da aka tsaya ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita ya huta, don haka feshin bai taɓa shi ba.

Yau ma muna kan wannan turba. Sinadarin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro kwaikwayo ne na wani abu da ke cikin furen fairetiram, wanda ake nomawa a tsaunukan Kenya, kuma sauro a sassa da dama na Nijeriya ya fara jure masa. Shi ya sa ake fito da sababbin gidajen sauro masu sinadari biyu. A gefe guda, talaka ya koma ga fiya-fiya, wadda guba ce ta gona, yana yayyafa ta a ɗakin da jariri ke kwana. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan guba a ƙananan kwalabe saboda yawan rayukan da ta ci. Igiyar leko ma tana da nata: wani bincike na 2003 ya nuna ƙurar hayaƙin guda ɗaya tana iya kai ta karan sigari 75 zuwa 137. Waɗannan su ne dalilan da suka sa neman ƙarin hanya ya zama dole.

Sanin sauro kafin yaƙarsa

Tun 1897, lokacin da Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya, aka san ta inda zazzaɓi ke zuwa. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin jinin take buƙata ta yi ƙwai. Tana zuba ƙwan a kan ruwa, cikin kwana 2 ko 3 ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Tsutsar tana ci tana saɓa har sau huɗu, sannan ta dunƙule, sannan sauro ya fito. A zafi irin namu duk wannan kan ɗauki kwana 7 zuwa 14. Bayan sauron ya sha jinin mai zazzaɓi, sai ƙwayar ta yi kamar kwana 10 zuwa 14 a jikinsa kafin ya iya harbin wani.

Akwai kuskuren da ya kamata mu gyara. Mun ɗauka baƙin ruwan kwata shi ne gidan sauron zazzaɓi. Wanda ke hayayyafa a can shi ne kuleks, mai kukan da ke hana barci. Shi anofilis, mai ɗauke da zazzaɓi, ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka: ramin da aka haƙa aka yi bulo, sawun taya a hanyar gona, sawun shanu a bakin rafi, ruwan da ya kwanta a fadama. Bambanta su ba wuya. Ku ɗebo ruwan a farar roba ku duba. Tsutsar anofilis kwance take a saman ruwa, ta kuleks kuwa kanta a ƙasa take rataye. Yaron firamare zai iya koyon wannan a yini ɗaya.

Hayaƙi da man shafawa

Iyayenmu sun san ƙona ɗoɗɗoya, da ɓawon lemu, da ganyen dogon yaro, da sarakuwar sauro, da ƙaron maje. Ba camfi suke yi ba. An gwada irin waɗannan tsirrai a Gine Bisau da Gambiya da Kenya, aka tabbatar hayaƙin wasunsu yana rage sauron da ke shiga ɗaki. Sai dai a Gambiya, inda ake turara itacen maje kamar yadda muke yi, an bi yaran gidajen da ke turarawa da na gidajen da ba sa yi, ba a ga bambanci a yawan zazzaɓinsu ba. Dalilin a fili yake. Garwashi kan mutu kafin tsakar dare, shi kuwa anofilis daga tsakar dare zuwa asuba ya fi cizo. Cizo ɗaya na sauro mai ɗauke da ƙwayar ya isa ya kwantar da yaro.

Man shafawa ma haka. Man ciyawar lemo da danginta yana korar sauro, amma ƙamshin da ke korar shi ne ke saurin tashi, sau da yawa kafin awa 2. Wanda ya yi fice a cikinsu shi ne sinadarin da ake samu daga wani nau'in itacen turare mai ƙamshin lemo, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince da shi a 2005, domin yana ɗaukar awoyi. Shi ma ba a shafa wa ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 3.

Saboda haka hayaƙi da shafi suna da lokacinsu, wato daga magariba zuwa kwanciya: lokacin girki a tsakar gida, lokacin hira, lokacin karatun ɗalibai, lokacin gadin gona. A wannan tsakanin gidan sauro ba ya tare da kowa, kuma nan ne suke da amfani na gaske. Da an tashi kwanciya, aikinsu ya ƙare.

Inda ƙarfin yake

Mu koma ga ruwa. Zan kawo abubuwa uku, dukkansu an gwada su a Afirka.

Na farko shi ne ƙwallon dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. Asalin itacen daga Indiya ne, an shigo da shi Barno a 1928, daga nan ya bazu a Arewa. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar dogon yaro. A 1968 aka ware sinadarin da ke yin wannan aiki a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa a cikin ƙwallo, ganye kaɗan yake da shi. Aikinsa shi ne hana tsutsa saɓa. Ba ya kashe ta nan take, amma tunda dole ta saɓa kafin ta girma, sai ta mutu ba ta kai ga fiffike ba.

A damunar 2007 aka gwada wannan a ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. An tsinci ƙwallon a ƙarƙashin itatuwan ƙauyen, aka shanya, aka daka a turmi, aka riƙa barbaɗa garin a kududdufan da sauro ke hayayyafa sau biyu a mako. Da aka gwama da shekarun baya da kuma wani ƙauye, Zindaru, inda ba a barbaɗa ba, sai aka ga matan anofilis sun ragu da kashi 49 cikin 100. Kayan aikin kaf turmi ne da taɓarya da ƙwarya. Barbaɗawa sau biyu a mako kuwa dole ne, domin rana tana kashe ƙarfin sinadarin cikin 'yan kwanaki.

Na biyu wata ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa da ake kira Bti, wadda aka gano a 1976 a wani kududdufi a hamadar Negeb. Idan tsutsar sauro ta ci ta, hanjinta ke fashewa, ta mutu cikin yini ɗaya. Ba ta cutar da kifi, ko kwaɗo, ko dabba, ko mutum. An yi amfani da ita a kogunan Afirka ta Yamma cikin shirin yaƙi da makantar kogi da ya gudana daga 1974 zuwa 2002, kuma birnin Darussalam na Tanzaniya ya fara zuba ta a unguwanni tun 2006, ta hannun mutanen unguwa da aka horar. Ita sayenta ake yi, don haka aikin ƙaramar hukuma da jiha ne.

Na uku kifi. A yammacin Kenya an zuba karfasa a tafkunan kiwon kifi da aka yi watsi da su, sakamakon da aka wallafa a 2007 ya nuna tsutsar anofilis ta ragu da fiye da kashi 94 cikin 100. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kiwon kifi ya yaɗu a yankinmu, kuma kwatamin kifin da aka kwashe aka bar ruwa a ciki ya zama gonar sauro. Duk ramin da ba za a iya cikewa ba, kuma ruwansa ba ya ƙafewa, a sa masa karfasar gida. Kada a shigo da baƙon kifi daga wata ƙasa, domin yakan cinye ƙwan na gida.

Kafanchan ba Banizumbu ba ce

Kada mu ɗauko abin da aka yi a Nijar mu dasa shi nan ido rufe. Ruwan da ke sauka a Kafanchan ya ninka na Banizumbu fiye da sau biyu. A can kududdufan ƙauye ƙidayayyu ne. A nan, cikin watan Agusta, daga gindin dutsen Kagoro zuwa fadamun Matsirga ko'ina ruwa ne, kuma mamakon dare ɗaya zai wanke duk garin da aka barbaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a dogara ga kashe tsutsa: wuraren ruwan su zama kaɗan, su zama tabbatattu a wuri ɗaya, kuma a iya gano su.

Yaushe ne waɗannan sharuɗɗa ke cika a ƙasarmu? Da rani. Daga Disamba zuwa Maris ruwa kan janye ya koma 'yan wurare: guntayen tafkuna a cikin rafin da ya tsinke, rijiyoyin masu noman rani, ramukan masu bulo, bakin famfon burtsatse, tankunan masu gini. A waɗannan wurare sauro ke fakewa ya tsallake rani, kuma daga cikinsu irin damina ke fitowa. Mu kuwa a lokacin ne muke mantawa da shi, sai ya cika ɗaki a Yuli mu tashi neman magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina ba da shawarar a mai da ƙarfin aikin tsutsa zuwa rani da makonnin farko na damina, sannan cikin damina a tsaya ga cikin gari da kewayen gidaje, inda za a iya cike rami, a buɗe wa ruwa hanya, a kife tulu da taya.

Gargaɗi

Kasancewar abu daga daji ba ta wanke shi daga guba. Masuntanmu sun san majimfa: tana kashe tsutsar sauro, amma tana kashe kifin da ke cin tsutsar, a ƙarshe sauron ne ke da riba. Kada a zuba garin dogon yaro a rijiyar sha, ko a randa, ko a tafkin da ake kiwon kifi. Randa da durom murfi suke buƙata, da wankewa duk mako. Kada a ɗura wa jariri man dogon yaro, domin an tabbatar yana jawo amai da farfaɗiya har da mutuwa. Kada a yi hayaƙi a rufe ƙofa a kan mai asma ko jariri.

Korar sauro daban, maganin zazzaɓi daban. Gaskiya ne manyan magungunan zazzaɓi daga itace suka fito: an ware kwinin daga ɓawon itace a Faransa a 1820, Tu Youyou ta ƙasar Sin kuma ta fitar da atemisinin daga wani ganye a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin da ya mai da su magani shi ne awo: an san nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa. Tafasasshen ganye a tukunya ba shi da wannan awo. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a kwana ana jiƙo.

Gidan sauro kuwa har yanzu shi ne kan gaba. Wani babban nazari ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Ko inda sauro ya jure wa sinadarin, ragar tana nan tana tare shi. Wanda ya kai nasa lambu ya rufe tumatir, ya bar 'ya'yansa a buɗe.

Abin da nake roƙo

Ga masu unguwanni da shugabannin matasa: kowace unguwa ta zana taswirar ruwanta a watan Janairu. A zaga, a rubuta kowane rami da kowane tanki, a raba su uku: wanda za a cike, wanda za a rufe ko a sa wa kifi, da wanda za a barbaɗa wa gari. Mai yin bulo ya cike raminsa kafin ya tashi, wannan ya zama dokar unguwa.

Ga ƙungiyoyin mata na coci da na masallaci: tsintar ƙwallon dogon yaro da shanya da daka aiki ne da kuka fi kowa iyawa, kamar yadda kuka ƙware wajen sarrafa citta. A shanya a inuwa, a adana a busasshen wuri don kada ya yi fumfuna, a daka daidai wanda za a yi amfani da shi a makon.

Ga malamai da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da kwalejin koyon jinya: awon yana hannunku. Ku zaɓi ramuka masu kama da juna, ku barbaɗa wa wasu ku bar wasu. Ku riƙa ɗiban ludayi 10 a kowanne duk mako kuna ƙirga tsutsa, kuna rubutawa. Haka za mu san nawa ne ke isa a irin ruwanmu, da kwana nawa yake ɗauka. Ku gwada ɗoɗɗoya da maje da sauran abin da tsofaffinmu suka sani da irin wannan tsanani, wanda ya ci ku faɗa, wanda ya faɗi ku faɗa. Cibiyoyi irin su NIPRD a Abuja da NARICT a Zariya suna da ɗakunan gwajin da za su taimaka wajen auna sinadaran.

Ga ƙananan hukumominmu: a sa kuɗin Bti a kasafi, a horar da matasa biyu ko uku a kowace gunduma, a biya su a kan lokaci. Aikin tsutsa na mako-mako ne, idan aka yi wata ɗaya ba a zaga ba sauro ya riga ya tashi sau biyu ko uku.

Ga kowane magidanci da uwargida: a yi hayaƙin ɗoɗɗoya da magariba idan ana so, a kife duk abin da ke tara ruwa, a rufe randa, a karɓi maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, mai juna biyu ta je awo, sannan kowa ya kwana cikin gidan sauro, rani da damina.

Idan unguwa ɗaya a Kafanchan ta yi wannan shekara biyu a jere, tana rubuta abin da ta gani, za mu sami hujjar kanmu da za mu kai Zonkwa da Kachia da Kwoi. Ina fatan a cikin waɗanda ke zaune a nan za a sami masu fara zagayen a wannan rani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana 'ya'yanmu.